Kwalejin Katsina: Makarantar da Aka Gina Nesa da Kasuwa

A cikin birnin Katsina akwai wani tsohon gini na jar ƙasa, mai kaurin bango da rufin azara, wanda in ba an faɗa maka ba sai ka ɗauka gidan wani hakimi ne na zamanin da. Nan ce tsohuwar Kwalejin Katsina, babbar makarantar boko ta farko da gwamnatin Turawa ta gina a Arewacin Najeriya. An fara karatu a cikinta a 1921, aka yi bikin buɗe ta ranar 5 ga Maris 1922. A ɗakunan nan Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ya zauna, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam, da Shettima Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida. Shekara 17 kawai ta yi a garin. A 1938 aka kwashe ɗalibai da malamai da littattafai aka yi Kaduna da su, aka bar wa Katsinawa bango.

Na san wani zai ce, yo Alhaji, me ya haɗa mu nan Zangon Kwatano da makarantar da ta tashi tun kakanninmu suna samari, mu da muke fama da duwan da canjin sefa? Abin da ya haɗa mu shi ne dalilin da ya sa aka kai ta Katsina tun farko. Gwamna Clifford, wanda ya gaji Lugga, shi ya buɗe ta, kuma bai ɓoye dalilinsa ba. Biyu ya kawo. Na ɗaya, Katsina gari ne da Musulmi suka daɗe suna girmamawa saboda malamai da ilmi. Na biyu, garin ba ya kusa da layin dogo da manyan kasuwanni, saboda haka yara za su sami natsuwa, ba abin da zai ɗauke musu hankali. Sardauna da kansa ya kawo jawabin a littafin tarihin rayuwarsa. To ku sake duba dalili na biyun nan da idon ɗan kasuwa. Abin da ake gudun kada ya ɓata yaran, ai mu ne. Mu da hayaniyarmu, da jirgin da ke ɗaukar mana kaya, da baƙin da jirgin ke saukewa, akawuna 'yan Kudu da jaridun Ikko a hammatarsu suna sukar Bature.

Dalilin farko ba ƙarya a cikinsa. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye har yau, kuma kowane Bakatsine ya san Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Akwai ma Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi aikin Hajji ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a can a 1741. Dalili na biyun ne yake da ciwo a ciki. Kafin jihadi, Katsina ita ce matattarar ayarin da ke fitowa daga Agadas da bayan hamada, Kano ma tana bayanta. Da birnin ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, tsoffin sarakunan suka yi arewa, zuriyarsu ta kafa Maraɗi, aka yi shekaru ana kai wa juna hari. Ɗan kasuwa kuwa kun san shi, ba ya kwana inda hanya ba lafiya. Sai attajirai suka tattara suka koma Kano. Lokacin da Baturen Jamus ɗin nan Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Katsina a 1851, ya ƙiyasta mutanen da ke cikin wannan makekiyar ganuwa ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Daga baya jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ja reshe zuwa Gusau da Ƙaura Namoda, aka ja wani zuwa Nguru, Katsina dai aka tsallake ta. Wato shirun da Gwamna ya yaba, shirun garin da fatake suka bari ne. Duk wanda ya ga Zangon nan namu bayan Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019 ya san irin wannan shiru.

Akwai dalili na uku da ba a faɗa a jawabi ba, amma kowa ya san shi: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Turawa ne suka naɗa shi a 1906, ya yi sarauta har 1944, kuma cikin sarakunan Arewa na lokacin ba wanda ya kai shi buɗe ƙofa ga sabon abu. A shekarar da aka fara karatu a kwalejin, 1921, ya tafi Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Makaranta irin wannan tana bukatar sarkin da zai ba da fili, ya sa magina aiki, ya kuma tsare ta daga surutun gari. Dikko ya yi duk wannan.

Me ake koyarwa? Asalin manufar ita ce a horar da malaman da za su koma lardunansu su koyar a makarantun En'e. Shekara biyar ake yi. Ana koyar da lissafi, tarihi, labarin ƙasa, dabarun koyarwa, da Larabci da addini a hannun malamanmu na gida. Amma abin da aka fi matsa wa shi ne Turanci, ba na takarda kawai ba, har yadda za a furta shi. Shi ya sa da Tafawa Ɓalewa ya fara magana a majalisu, Turawa da kansu suka riƙa mamakin lafazinsa. Ban da aji, akwai wasan Fives, na dukan ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna ya ƙware a kai ƙwarai, har yau ana gasar kofi da sunansa.

Yara suna zuwa daga Sakkwato, Borno, Bauci, Bida, Ilori, Yola. Yaron da bai taɓa fita ƙasar sarkinsu ba sai ga shi yana cin tuwo akushi ɗaya da Banufe da Babarbare. Sardauna ya ba da labarin yadda suke takowa a ƙasa daga Sakkwato, tafiyar mako guda. A ganina wannan cuɗanya ta fi duk abin da aka rubuta musu a allo amfani. Mu fatake mun daɗe da sanin haka, don zango shi ne makarantarmu ta sanin mutane. Su kuwa 'ya'yan sarauta sai a Katsina suka fara ɗanɗana ta. Da zamanin siyasa ya zo, ministan da ya fito daga Bida da wanda ya fito daga Maiduguri ba sa bukatar a gabatar da su ga juna.

Sai dai ku dubi yawansu. Kowane ɗalibi yana da lamba, bi da bi tun daga na farko. Ahmadu Bello ya shiga a 1926, lambarsa 87. Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, lambarsa 145. Ku lissafa da kanku: cikin shekara bakwai zuwa takwas, yara 145, wato wajen mutum 20 a shekara, ga ƙasar da ta taso daga Sakkwato har tafkin Chadi. Mutum ashirin! Motar da ke ɗaukar mu daga nan zuwa Malanbil ta fi haka ɗiba. A Ikko kuwa 'yan mishan sun buɗe makarantar sakandare tun 1859, shekara 62 kafin ta Katsina. Tazarar da ake ta kuka da ita tsakanin Kudu da Arewa, ga ɗaya daga cikin tushenta nan.

Kuma ba kowa ke shiga ba. Daga makarantun lardi ake zaɓo yara, su kuma makarantun lardi cike suke da 'ya'yan sarakuna, hakimai, alƙalai da ma'aikatan En'e. Ahmadu Bello jikan Sarkin Musulmi ne. Mahaifin Abubakar Imam malami ne alƙali. Tafawa Ɓalewa ne ake kawowa misalin ɗan talaka, shi ma ɗin mahaifinsa yana hidima ne a gidan hakimi, ta nan ƙofar ta buɗe masa. Mata kuwa babu ko ɗaya.

To ina 'ya'yan fatake a wannan lokaci? Suna hanya. Tun kafin Bature, ayarin goro yana tashi daga Kano ya ratsa Borgu, ya sauka Nikki, Faraku, Zugu, duk a cikin ƙasar nan da muke zaune yau, har ya kai Salaga a Gwanja. Zangunan da ke waɗannan garuruwa ba jiya aka kafa su ba. Yaro yana tashi da allo, ya iya lissafin wuri da na azurfa, ya iya rubuta wasiƙa da ajami, ya ji Yarbanci da Dandanci da Asantanci a kunne. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, ta wannan hanya ya taso: ya yi fataucin goro a Gwanja, ya zauna Ankara, ya gano jirgin ruwa ya fi jaki sauri, sannan ya dawo Kano ya shiga sayen gyaɗa. Ana ba da labarin cewa da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929, a kan raƙuma 20 aka kai kuɗinsa na azurfa. Da ya rasu a 1955 ana cewa ba wanda ya kai shi dukiya a Afirka ta Yamma, kuma bai taɓa zama a bencin boko ba.

Saboda haka ni ba na cikin masu cewa kakanninmu jahilci ne ya hana su sa yara a boko. Shekara 18 kacal ke tsakanin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 da buɗe kwalejin. Wanda aka kashe wa uba a Burmi, yaya za a yi ya ɗauki ɗansa ya miƙa wa waɗanda suka yi kisan? Ƙofar ma ba don su aka buɗe ta ba. Ga shi kuma tafiya ɗaya mai albarka tana iya kawo abin da malamin makaranta zai daɗe yana jiran albashi bai tara ba. Da lissafin wancan zamani, sun yi daidai.

Lissafin ne ya juya daga baya, kuma ya juya da sauri. Daga 1949 aka kafa hukumar da ke yanke farashin gyaɗa, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Ba ka sayen gyaɗa don fitarwa sai da lasisi. Wa ke zaune a kujerun da ake sa hannu? Yaran nan ashirin-ashirin na Katsina, waɗanda aka horar don su riƙe alli. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934 kafin a ba shi hakimcin Rabah, a 1954 ya zama Firimiya. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci, a 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, maganar da ta girgiza sarakuna, a 1957 ya zama Firayim Minista. Kashim Ibrahim ya zama Gwamnan Arewa a 1962. Sa'adu Zungur, shi ma ɗan Katsina ne ta karatu, shi ya zama uban masu ra'ayin talakawa. Bature ya kai su nesa da jirgi don kada su ji maganar 'yanci, su ne kuma suka karɓi mulkin daga hannunsa. Mai raƙuma 20 na azurfa kuwa, ko ɗansa, dole ya je ofis ya jira a kira shi.

Akwai wata gadon kwalejin da ba a cika lura da ita ba, alhali ga ta a gabanku yanzu kuna karantawa. A 1933 Dokta East na hukumar fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga gasar, uku na mutanen kwalejin ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Imam, wanda malami ne a kwalejin. Imam ɗin ne ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Makarantar da aka gina don Turanci, ita ta ba Hausa marubutanta na farko a boko. Irinmu da ba mu yi nisa a aji ba, da waɗannan littattafai muka goge karatunmu a bakin shago.

Tashin makarantar ba wani abin mamaki ba ne. A 1929 an riga an ɗaga darajarta, aka fara maganar kimiyya da shirya yara don aikin asibiti, gona da injiniya. Wannan karatu yana son ɗakin gwaje-gwaje da kusanci da ma'aikatun gwamnati. Nisan da aka yaba a 1922 sai ya zama aibi. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, hedikwatar Arewa, mahaɗar jiragen ƙasa, daidai irin wurin da Clifford ya guda. A nan Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi karatu. A 1949 aka sake kwashe ta zuwa Zariya, daga baya ta zama Kwalejin Gwamnati, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka fito. A 1971 aka sa mata sunan da take amsawa yau, Kwalejin Barewa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ma ya ratsa ta cikinta. Tsoffin ɗalibanta daga 1921 suke ƙirga shekarunta.

Kada 'yan uwanmu na Nijar da na nan Benin su ce labarin Najeriya ne kawai. Faransa ma haka ta yi, sai dai nata ya fi faɗi. A Porto-Novo akwai makarantar Victor Ballot, wadda yau ake kira Lycée Béhanzin. Wanda ya yi fice a nan sai a tura shi Senegal, makarantar horar da malamai ta William Ponty, wadda aka ajiye a tsibirin Gore, ruwa ya kewaye ta ko'ina. Hubert Maga, haifaffen Faraku, ta nan ya bi, ya koyar a Natitingu, ya zama shugaban Dahome na farko a 1960. Diori Hamani na Nijar ma ɗan Ponty ne, malamin makaranta. Ƙasashe uku da muke yawo a tsakaninsu, duk ukun malaman makaranta aka miƙa wa su a shekara guda.

Yanzu mu dawo gida. Abin da ya bambanta mu da kakanninmu shi ne, su an rufe musu ƙofa, mu kuwa a buɗe take. Tun 2006 gwamnatin Benin ta soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati. Lakwal tana bayan gida, ba tafiyar mako guda a ƙasa. Duk da haka ku zaga kasuwannin garin nan da hantsi ku ƙirga yaranmu masu shekara 12, 13 da ke tsaron shago ko tura kaya. Hujjojin da ake bayarwa na san su, don a majalisarmu ake faɗar su. Wani ya ce Faransanci ba zai amfani yaro ba in an koma Kano. Wani ya ce ai ba zama muka zo yi ba, bana ko baɗi za mu koma, alhali ya shekara 25 yana faɗin haka. Wani ya tura yaro Najeriya wurin kawunsa, ya yi zango biyu a can, a dawo da shi nan, a sake mayar da shi, ƙarshe ba Turanci ba Faransanci. Wani kuma yaron ya kai ajin ƙarshe na firamare, sai a zo rajistar jarrabawa a tarar ba shi da takardar haihuwa, don ranar suna an yanka rago amma ba wanda ya je ofishin magajin gari. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni takaici, domin abu ne na kwana kaɗan. Hajiya, in Alhaji ya shagala da kwantena, ke ki tsaya a kai.

Maganar Faransanci kuma, mu yi wa kanmu adalci. Takardar da ke fitar da kwantenarka daga tasha da wane harshe aka rubuta ta? Yarjejeniyar hayar shago fa? Sammacin kotu fa? Nawa muke biyan masu fitar da kaya kowace shekara don su karanta mana abin da muka sa wa hannu? Na ga attajirin da ke juya miliyoyin sefa yana riƙe da takarda a juye, yana jiran yaron wani ya zo ya faɗa masa ko ta tara ce ko ta rasit. Da aka rufe iyakar Seme daga 2019 har Disambar 2020, da aka rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ba wanda ya zo Zango ya tambaye mu. A ofis aka yanke, da biro, mu kuma muka ji a rediyo kamar kowa, albasa tana ruɓewa a mota.

Ba ina cewa a bar allo ba, Allah ya kiyaye. 'Yan Katsinan nan duk da allo suka fara, kuma shi ya riƙe su. Ba kuma ina cewa kowane yaro sai ya zama ma'aikaci ba, mun ga masu digiri suna zemijan a garin nan. Shago yana bukatar magaji. Amma magajin da ya kai aƙalla BEPC, ya iya karanta takardar duwan da kansa, ya fi wanda zai gaji dukiya tare da makanta. 'Ya'ya mata ma haka. Sarki Dikko ya yarda an buɗe wa 'yan mata aji a Katsina tun wajen 1930, lokacin da yin hakan abin magana ne. Mu kusan shekara ɗari bayansa muna cire yarinya daga aji don ta taya uwarta tallar fura.

Tsohon ginin dai yana nan. An sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1959, yanzu gidan tarihi ne. Ginin ƙasa kuwa kun san halinsa, kowace damina sai ta ci rabonta, in ba a bi shi da yaɓe ba sai ya fara zubewa ta kusurwa. Masu komawa gida ta Maraɗi da Jibiya, ta cikin Katsina za ku wuce. Ku tsaya ko na awa ɗaya ne, ku shiga da yaran, su ga kaurin bangon da ƙanƙantar ɗakunan. Kuma a kan hanyar za ku ga aikin layin dogon da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi, shekara ɗari cif bayan yaran farko sun zauna a ajin.